Tambayoyin Masu Karatu: Kwamfutar Gida da Ɗauke Wuta

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk kukansu ɗaya ne: ko an ɗauke wuta kwamfuta na kunne aiki ya salwanta, ko an sayi UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, bai yi abin da aka sa rai ba. Mun haɗa masu kama da juna, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina da kwamfutar tebur a gida da nake buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Sau uku ke nan ana ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. A na ƙarshen, da na kunna ta sai ta ƙi shiga Windows, ta daɗe tana cewa tana gyara kanta. Me zan saya, kuma wane girma?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani gargaɗi ne, kada ki bari a kai ga na huɗu. Duk abin da kike bugawa ba ki adana ba yana zaune ne a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ke mance komai da zarar wuta ta yanke. Wannan ita ce ƙaramar asara. Babbar tana faruwa ne idan wutar ta yanke daidai lokacin da kwamfuta ke rubutu a faifan ajiya, HDD ne ko SSD. Sai fayil ya tsaya rabi a rubuce, in kuma fayil ɗin na Windows ne, musamman lokacin da take sabunta kanta, sai ta kasa tashi.

Maganin shi ne UPS, wato akwati mai batir a ciki da ake sa shi tsakanin soket da kwamfuta. Idan aka ɗauke wuta yakan juya kan batir cikin milisakan 4 zuwa 10 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Fawa-fak ɗin kwamfuta kuwa, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, an ƙera shi ya riƙe wuta na kusan milisakan 16 bayan yankewa, shi ya sa kwamfutar ba ta ma sanin an yi wani canji ba.

Wajen girma ne mutane ke ruɗewa, saboda lambar da ke jikin kwali VA ce, ba wat ba. A ƙananan UPS na gida, ki ninka VA da 0.6 ki sami wat ɗin da zai iya ɗauka: 650VA kusan wat 390 ne, 1000VA wat 600, 1500VA wat 900. Sai ki duba abin da kayanki ke ci. Kwamfutar buga takardu takan ci wat 60 zuwa 120, allon LED mai inci 19 zuwa 22 wat 20 zuwa 30, rauta (na'urar intanet) kusan wat 10. Duka-duka wajen wat 150 ke nan, don haka 650VA ya ishe ki har da rara. Kada lambar 450W da ke jikin fawa-fak ta tsorata ki, iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da kwamfutar ke ci kullum ba. Wanda ke da kwamfutar zane ko haɗa bidiyo mai babban katin hoto, shi ne zai nemi 1000VA zuwa 1500VA.

Abubuwa biyu za ki nema a jikin kwalin. Na farko a ga an rubuta AVR ko Line Interactive. Irin wannan yakan ɗaga wuta in ta yi rauni, ya sauke ta in ta yi ƙarfi, ba tare da ya taɓa batir ba. A wurin da wuta ke hawa da sauka dare da rana, wanda ba shi da AVR zai riƙa komawa kan batir a kai a kai har ya kashe shi. Na biyu a sami ramin USB a bayansa. In kika haɗa shi da kwamfuta, a yawancin irinsu Windows za ta gan shi kamar batirin laftof. Ki shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ki buɗe Battery. A Critical battery action ki zaɓi Hibernate, Critical battery level kuma ki ɗaga shi zuwa kashi 30 ko 40. Ko kina kicin aka ɗauke wuta, kwamfutar za ta adana abin da ke buɗe ta kashe kanta cikin tsari.

Kafin ki saya ma akwai abin da za ki yi yau kyauta. A Word ki shiga File, Options, Save, ki mayar da AutoRecover daga minti 10 zuwa minti 2. Sakamakon ɗalibai kuma ki riƙa kwafe shi a filash duk ƙarshen mako, domin faifan da ya sha yankewar wuta sau uku ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Tambaya: Na sayi UPS 650VA, mai shago ya ce zai riƙe awa biyu. Tun yana sabo bai taɓa wuce minti goma sha biyu ba. Yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni, da an ɗauke wuta sai ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Jabu aka sayar mini? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, minti goma sha biyun nan shi ne gaskiyar na'urar, awa biyun ce ba ta da tushe. In ka buɗe cikinsa za ka tarar da batir ɗaya rak, an rubuta 12V 7Ah. Ah ma'aunin cajin da batir ke ɗauka ne, in ka ninka shi da bolt 12, a takarda wat-awa 84 ke nan. Amma 7Ah ɗin an auna shi ne da zuƙa a hankali cikin awa 20, wato amfiya 0.35 kacal. Kwamfuta mai cin wat 150 kuwa kusan amfiya 15 take zuƙa daga batirin, kuma batirin dalma in aka zuƙe shi da irin wannan gaggawa kusan rabin abin da ke cikinsa yake bayarwa. Ka cire abin da ke salwanta wajen mayar da wutar batir zuwa ta soket, sai ka dawo minti 10 zuwa 15. UPS ba a yi shi don a ci gaba da aiki a duhu ba. An yi shi ne ya ba ka 'yan mintunan da za ka adana aiki ka kashe kwamfuta, ko ka je ka tayar da janareta.

Mutuwar da yake yi nan take yanzu kuwa, batirin ne ya ƙare, akwatin lafiyarsa lau a mafi yawan lokuta. Masu ƙera irin wannan batir suna ba shi shekara 3 zuwa 5, amma a ɗaki mai zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rayuwarsa da rabi. Ka tuna yadda ɗaki ke zama a Kano daga Maris zuwa Mayu, ka ƙara da zafin da akwatin kansa ke fitarwa a ƙarƙashin tebur inda iska ba ta kaiwa. Sai kuma al'adar barin sa yana ta ƙara har ya mutu da kansa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Batirin dalma ba ya son a ƙarar da shi tas, ba ya kuma son ya kwana babu caji. In ya kwana haka wani farin gishiri yakan daskare a faranten cikinsa, kuma ba ya narkewa duka ko an sake caji. Da wannan hali, shekara ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka bar shi a wuta ya kwana, da safe ka kashe shi, ka zare filoginsa daga bango, ka kwance murfin. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka cire komai. In batirin ya kumbura ko ya tsage, ko kan sa ya yi farin gari, ba sai an gwada ba. In bai kumbura ba, ka sa maltimita, wato mitar auna wuta: lafiyayye zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.9. Amma mita kaɗai takan yi yaudara, mataccen batir ma yana iya nuna 12.5 in ba a ɗora masa kaya ba. Ka haɗa masa ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, mitar na jone. Mai rai zai tsaya kusa da bolt 12 na tsawon mintuna. Wanda ya mutu, kana kallo lambar za ta zube ƙasa da 11, hasken ya koma ja.

In za ka sayi sabo ka tafi da tsohon hannunka, don girman ya zo daidai da kuma faɗin ƙarfen da waya ke shiga, wanda iri biyu ne, mai milimita 4.8 da mai 6.3. Ka ɗaga shi ka ji nauyi. 7Ah na ƙwarai yana kai kilo 2 ko sama kaɗan, wanda ya yi sakayau an rage masa dalma. Ka sa a auna maka shi a gabanka, in ya gaza bolt 12.5 ya daɗe a kan kanta. Jar waya a kan alamar +, baƙa a kan alamar −, ɗan tartsatsi lokacin jonawa ba matsala ba ne. Ka ba shi caji awa 8 kafin ka ɗora masa kwamfuta. Masu UPS mai batir biyu su canza duka biyun tare, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Tsohon batirin ka sayar wa masu sayen matattun batura, kada a fasa shi a gida, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can daga niƙan dutsen zinare ta fito, amma dalmar ɗaya ce.

Tambaya: UPS ɗina lafiya lau yake aiki da wutar NEPA, amma da na tayar da ƙaramin janareta sai ya riƙa ƙas-ƙas yana ƙara, ba ya caji, har ya mutu janareta na aiki. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, UPS ɗin ƙin amincewa da wutar janaretan yake yi. Wutar gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙaramin janareta sai injinsa na gudu 3000 a minti yake ba da hakan. Da gudun injin ya sauka ko ya hau, ko ƙarfin wutar ya yi tsalle, sai UPS ya ɗauka wuta ta lalace ya koma batir. Ta daidaita ya dawo, ta sake motsi ya sake komawa. Ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji ke nan.

Ka fara da abu mai sauƙi. Ƙananan janareta sun fi rawa in babu kaya a kansu, don haka ka kunna ƙwan fitila irin na da mai zafi, wat 100, ɗaya ko biyu, ka bar su a kunne. Sau da yawa wannan kaɗai yana kwantar da shi. In bai yi ba, ka kira mai gyara ya zo da mita mai auna Hz, wato yawan juyin wuta a daƙiƙa, ya saita gwamnan injin, ya zama 51 zuwa 52 babu kaya, ya sauko 50 in an ɗora kaya. A duba kafireta da filogin inji ma, injin da ke shaƙewa ba zai ba da wuta tsayayya ba. Wasu UPS suna da wurin rage tsananin binciken wuta, a maɓalli ko a manhajarsu, in naka yana da shi ka sa shi a mafi sauƙi. Sitabilaiza a nan ba lallai ta taimaka ba, ƙarfin wuta take gyarawa, ba ta gyara gudun inji. Kuma janaretan ya kamata ya ninka UPS ɗin girma sau biyu aƙalla. In ka tayar da shi ka bar shi minti ɗaya ko biyu ya daidaita kafin ka juya wutar gida kansa.

Tambaya: Wani mai gyaran wuta ya ce zai cire ƙaramin batirin UPS ɗina ya jona mini babban batirin mota, in samu awa biyar. In yarda? Ina karɓar aikin buga takardu a gida, a Sakkwato.

Amsa: Kada ka yarda, Malam. Zai kunna a ranar farko, shi ya sa dabarar ta yaɗu, amma akwai matsaloli biyar a ciki. Cajar da ke cikin ƙaramin UPS amfiya 1 take bayarwa ko ƙasa da haka, an yi ta ne don 7Ah. Batir mai 100Ah sai ya yi kwanaki a wuta ba yankewa kafin ya cika, wato a zahiri ba zai taɓa cika ba. Taransifomar ciki kuma an ƙera ta ne ta yi aikin mintuna, yawanci ko fanka babu, in ta yi awanni tana aiki za ta yi zafin da zai narkar da roba, gobara na iya tashi. Batirin mota shi kuma aikinsa ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu-uku ya tayar da inji, in ana sauke shi ƙasa kullum 'yan watanni zai yi. Sannan yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ga shi a wasu UPS wayoyin batir ba a raba su da wutar bango ba, wanda ya taɓa kan batirin da ke waje yana iya jin shokin.

Mai son awanni inbata zai saya, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta soket, da batirin da aka yi don a sauke shi a sake cika shi kullum. Ga lissafin, ka sa naka adadin a ciki. Batir 12V 200Ah wat-awa 2400 ne. In na dalma ne rabi kawai za ka ci in kana son ya daɗe, saura 1200. Inbata takan cinye kusan kashi 15 cikin ɗari, saura kusan 1000. Ka raba da wat 150 na kwamfutarka, awa shida da ɗoriya ke nan. Da ka ƙara fanka biyu da talabijin, sai awannin su koma uku ko ƙasa.

Sai dai abin da aka fi mantawa shi ne mayar da abin da aka ci. Don cike gurbin 100Ah da caja mai amfiya 15 zuwa 20 ana buƙatar awa 6 zuwa 8 na wuta. A tsarin rukunin da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta yi, Band A ne ke da alkawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuwa awa 4. Wanda ke samun awa huɗu, batirinsa kullum da yunwa zai kwana, kuma ƙara batir na biyu ƙara yunwar ne kawai. Irin wannan gida sola yake buƙata. Faranti mai wat 350 a ranar Sakkwato yana iya tara sama da wat-awa 1200 a yini, in ana goge masa ƙura, musamman da hunturu. Batirin litiyom irin LiFePO4 ya fi tsada a farko, amma ana cin kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, yana ɗaukar caji da sauri, yana kuma jure saukewa da cikawa sau dubbai. A ganinmu ga mai sana'a da ke samun wuta ta 'yan awanni, shi ya fi dacewa in da hali.

Wajen sayen inbata ka nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave, domin wasu sababbin fawa-fak sukan mutu ko su yi ƙugi da inbatar da ba irin wannan ba. Ka duba bayanta, akwai maɓallin da ke da UPS Mode. In ba a sa ta a nan ba juyawarta kan batir takan yi jinkirin da ya wuce abin da fawa-fak zai jure, sai kwamfuta ta mutu ta sake tashi alhali fitilun ɗakin ko ƙiftawa ba su yi sosai ba. Wayar batir ta zama mai kauri, gajera, da fiyus kusa da kan batirin, domin a bolt 12 kayan wat 1000 kusan amfiya 100 suke ja. Batiri mai ruwa a ajiye shi inda iska ke shiga, a riƙa duba ruwansa duk wata ko wata biyu, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don haka. Ba asid ba, ba kuma ruwan leda ko na rijiya ba.

Tambaya: Laftof gare ni. Ina buƙatar UPS? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, batirin laftof ɗinki shi ne UPS ɗinta. In batirin ya mutu, kuɗin UPS ki sa a sabon batir. Abin da zai yanke miki shi ne intanet, kuma akwai ƙaramin akwatin batir da ake yi don rauta, yana riƙe ta awanni. Ki duba jikin cajar rautar ki ga bolt 9 ce ko 12 kafin ki saya.

Tambaya: Zan iya jona firinta a UPS?

Amsa: Mai tawadar ruwa, e, abin da take ci kaɗan ne. Mai leza kuwa a'a. Tana da abin ɗumama takarda da ke fizgar wat ɗari da yawa a lokaci guda, wani lokaci har kusan dubu, zai kashe UPS ɗin tare da kwamfutar. Haka dutsen guga, hita da firji. Su a jona su kai tsaye a bango.

Tambaya: Ina Maraɗi. Na sayo UPS daga Kano. A unguwarmu wuta takan yi rauni da dare har fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, sai UPS ya koma batir alhali akwai wuta. Kuma da damina tsawa ta taɓa ƙona wa maƙwabcina kwamfuta. Wannan akwatin zai kare ni?

Amsa: Alhaji, wutar Nijar da ta Najeriya ba su da bambancin da zai dame shi, bolt 220 zuwa 230 ne, juyi 50. Bambancin a filogi yake. Na Najeriya mai ƙafa uku ne, soket ɗinku kuwa mai rami zagaye, kuma yawancin ƙananan adafta da ake sawa a tsakani suna yar da ƙafa ta uku, wadda ita ce wayar ƙasa. In babu ita, kariyar da ke cikin UPS ta ragu ƙwarai. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka soket mai ƙafa uku, ya kuma tabbatar wayar ƙasan ta isa ga ƙarfen da aka binne, ba a bango kawai ta tsaya ba.

Raunin wuta kuwa, kowane UPS yana da iyakar da yake karɓa, an rubuta a takardarsa, wasu daga bolt 140, wasu daga 160 ko sama. In wutarku na sauka ƙasa da haka sai ka sa sitabilaiza a gabansa: bango, sitabilaiza, UPS, sannan kwamfuta. Kada a juya wannan jeri. Sitabilaizar ta ninka UPS ɗin girma, domin ƙarfinta yana raguwa sosai in wutar da ke shigo mata ta yi ƙasa. In tana da maɓallin jinkiri ka kunna shi, saboda daƙiƙun farko bayan an kawo wuta su ne suka fi ɓarna. Akwai kuma ranar da wayar nutural ke tsinkewa a layi, wutar gida ta haura zuwa wajen bolt 400. Don wannan ake sa ƙaramar na'urar nan da ake sayarwa da sunan AVS ko TV Guard, wadda ke yanke wuta gaba ɗaya in ta wuce kima, ita ce za ta fara zama a bango kafin sitabilaiza.

Tsawa dai babu UPS ɗin gida da zai tare ta in ta faɗo kusa. Da ka ga hadari ya haɗu ana walƙiya, ka kashe kwamfuta ka zare filogin daga bango, kashe maɓallin soket kaɗai bai isa ba. Ka zare har wayar intanet ko ta eriya da ke shigowa daga waje, domin ta nan ma takan biyo ta ƙona allon cikin kwamfuta ko da filogin wuta na zare.